Yadda 'Yar Hausawan Saudiyya Za Ta Zama Ƙwararriyar Mai Tsaron Raga

A watan Janairun 2018 aka fara barin mata su shiga filin kallon ƙwallo a Saudiyya, ranar da Al-Ahli ta kara da Al-Batin a Jidda. A Fabrairun 2022 tawagar mata ta ƙasar ta buga wasanta na farko, ta ci Seychelles 2-0 a tsibirin Maldives, ƙarƙashin Bajamushiya Monika Staab. A Oktoban wannan shekarar aka buɗe gasar Firimiya ta mata da ƙungiyoyi takwas, Al-Nassr ta ɗauki kofin farko. Ke nan cikin shekaru biyar abin ya tashi daga neman izinin kallo zuwa sana'ar da ake sa hannu a kwantiragi ana karɓar albashi.

Mu Hausawan wannan ƙasa ba baƙi ba ne a ƙwallonta. Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha ya ga Usama Hausawi ɗaure da kambun kyaftin, ga Umar Hausawi da Mu'utaz Hausawi a cikin tawagar. Abin da ke sabo shi ne ƙannensu mata ma sun samu ƙofa. Na rubuta wannan ne domin yarinyar da ke Makka, Jidda ko Madina, 'yar shekara goma zuwa sha bakwai, wadda zuciyarta ke kan raga, da kuma iyayenta. A ganina tsaron raga shi ne gurbin da ya fi buɗewa ga mai haƙuri, domin in aka tara yara a fili kowa so take ta ci ƙwallo, da ƙyar ake samun mai yarda ta tsaya tsakanin turaku. Sai dai shi ne kuma gurbin da ya fi jinkirin sakayya. Gola ɗaya ake sawa a wasa, kuma ba a cika canza ta ba.

Mataki na farko: ki fara daga gida

Kada ki soma a ɓoye. Atisaye sau uku ko huɗu a mako, da komawa gida bayan isha'i da ƙujewa a gwiwar hannu, ba abu ne da zai ɓoyu ba, kuma ranar da ya fito fili amincin da ya zube ya fi ƙwallon wuyar gyara. Ki fara da Umma, ko yayar da ake jin maganarta, sannan a je wurin Baba tare. Kada ki je da gardama. Ki ce, "Baba, ina roƙon ka zo ka gani da idonka sau ɗaya. In ka ga abin da bai dace ba, na bari."

Damuwar iyaye sananniya ce, kuma ba ta banza ba ce: sutura, wuraren da za ki riƙa shiga, karatu, da bakin mutane. Game da sutura akwai amsa mai ƙarfi. Tun 2014 dokokin ƙwallo na duniya suka amince da rufe kai a wasa, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. Sharaɗin shi ne ya zama baƙi ko launin rigar, kada a haɗe shi da rigar, kuma kada a sa masa fil ko wani abu da zai ji wa mutum rauni. Gola kuwa ta fi kowa samun sauƙi a nan, domin doka ta ba ta damar sa dogon wando, rigarta ma yawanci mai dogon hannu ce.

Ku kuma iyaye, ku zauna ku yanke waɗanda suka fi ƙwallon kansa wuya: wa zai kai ta, wa zai ɗauko ta, nawa za a iya kashewa a wata, kuma wane sakamako ne a makaranta in ta sauka ƙasa da shi za a dakatar da atisaye. A faɗe su tun farko, kowa ya san matsayinsa.

Mataki na biyu: takardu

A nan ne hanyar 'ya'yanmu ta bambanta da ta sauran yara, kuma a nan ne hazaƙa da yawa take tsayawa. Hausawan Saudiyya ba matsayi ɗaya suke ba. Akwai 'yan ƙasa masu katin shaida na ƙasa. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, da fasfon Najeriya, Nijar, Chadi ko Sudan, ko da a nan aka haife su aka haifi iyayensu. Akwai kuma waɗanda takardunsu suka mutu ko ba su taɓa samu ba.

In ke 'yar ƙasa ce, hanya a miƙe take har zuwa tawagar ƙasa. In mai iƙama ce, ki san abu biyu. Na ɗaya, dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ba ta barin mutum ya buga wa tawagar ƙasar da ba ya riƙe da shaidar zama ɗanta, don haka tawagarki ita ce ta ƙasar fasfonki. Wannan ba asara ba ce: mai fasfon Najeriya tana da haƙƙin a gayyace ta Flamingos ta 'yan ƙasa da 17, ko Falconets ta 'yan ƙasa da 20, ko Super Falcons, wadda ta ɗauki kofin Afirka karo na goma a Maroko a Yulin 2025. Na biyu, kowane kulob yana da iyakar adadin baƙin da zai yi wa rajista. A tsarin ƙwallon Saudiyya akwai rukunin mawalid, wato waɗanda aka haifa a ƙasar ba su da shaidar zama 'yan ƙasa, kuma ƙa'idojin rajista kan canza daga kaka zuwa kaka. Saboda haka tambayar farko da waliyyinki zai yi wa kulob ita ce: a wane rukuni za a rubuta ta? In a rukunin baƙi ne, to da 'yan wasan da aka ɗauko daga waje kike takarar gurbi, irin su Tochukwu Oluehi, golar Najeriya da ta zo Eastern Flames ta Dammam a 2023. Gara ki sani tun da wuri.

Ga 'yar ƙasa da shekara 18 akwai ƙarin sharaɗi. FIFA ta hana ɗaukar yara daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma dokar ta shafi rajistar farko ta yarinyar da ba 'yar ƙasar da take zaune ba ce. Daga cikin hanyoyin da aka ware akwai ta wadda ta zauna a ƙasar shekara biyar a jere. Abin da zai tabbatar da hakan shi ne takardun makaranta da tarihin iƙama. Don haka a tattara su a jaka ɗaya: takardar haihuwa, fasfo, iƙama, shaidar kowace shekarar karatu, katin rigakafi. A duba cewa sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a dukkansu, da Larabci da boko. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin fasfo da iƙama yana iya riƙe rajista har a rufe kasuwar 'yan wasa.

Kada a rage shekaru, ko wa ya ba da shawarar. Ranar da aka gano, hukuncin a kan yarinyar yake sauka, ba kan wanda ya kitsa ba. Wadda kuwa takardunta ba su daidaita ba, gyaransu shi ne atisayenta na farko. A bi ta ofishin jakadanci, misali ƙaramin ofishin Najeriya da ke Jidda, da hukumar jawazat mai kula da fasfo da iƙama, kada a miƙa kuɗi da fasfo ga ɗan tsakani. Kafin a gama, babu abin da zai hana ta koyon kama ƙwallo.

Mataki na uku: inda za ki fara bugawa

Tun 2017 aka shigar da darasin motsa jiki makarantun 'yan mata na gwamnati, a 2022 kuma aka fara gasar makarantu ta 'yan mata. Wannan ce ƙofa mafi arha, kuma masu neman hazaƙa suna zuwa kallo. Ki je wurin malamar motsa jiki ki ce mata kina son raga. Da wuya ta ce a'a. Bayan makaranta akwai cibiyoyin horar da 'yan mata na hukumar ƙwallon ƙasar a manyan birane kamar Riyad, Jidda da Dammam, sai kuma makarantun ƙwallo masu zaman kansu da ake biya a wata. 'Yar Makka za ta iya samun kanta tana zirga-zirga zuwa Jidda, tafiyar kimanin kilomita 80, don haka a sa wannan cikin lissafi.

Kafin a biya ko riyal ɗaya, a tambaya: akwai mai horar da masu tsaron raga na musamman? In amsar ita ce gola takan tsaya ne sauran yara su yi ta buga mata ƙwallo a ƙarshen atisaye, wannan wurin 'yan gaba yake horarwa, ke kuma ana amfani da ke. A nemi wani.

In ba ki kai shekara 13 ba, kada ki kulle kanki a raga. Ki buga baya, ki buga tsakiya, ki buga ƙwallon cikin ɗaki ta mutum biyar-biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙafar da ba ta saba da ƙwallo tun ƙuruciya ba tana wahalar da gola har ƙarshen sana'arta.

Mataki na huɗu: aikin kansa

Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, kuma wannan awon ɗaya ne ga maza da mata. Tunda yawancin mata ba su kai maza tsawo ba, golar mata ba za ta dogara da miƙa hannu kawai ba. Da matsayi da saurin taku take cike gurbin. Wannan shi ne tushen duk abin da zan faɗa a ƙasa, kuma shi ya sa nake ganin yarinyar da ba ta da tsawo sosai kada ta karaya.

Ki fara da tsayuwa. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a gaban tafin ƙafa ba a diddige ba, hannaye a gaba kusa da ƙugu, kai a tsaye. Muhimmin abu shi ne lokaci: daidai sa'ad da mai bugu ta ɗaga ƙafa, ke kin riga kin tsaya cak. Golar da bugu ya same ta tana tafiya ta sha ƙwallo ko da mai sauƙi ce. Sai matsayi: ki ɗauka akwai layi daga tsakiyar raga zuwa ƙwallon, ke kullum a kan layin nan kike. Ƙwallo ta matsa, ki matsa da gajeren taku a gefe ba tare da harɗe ƙafa ba. In kin fito gaba kaɗan, ragar tana ƙanƙancewa a idon mai bugu. In kin fito da yawa, za a ɗaga miki ta sama. Sanin tsakanin biyun sai da wasanni masu yawa.

Kamu iri uku ne. Ƙwallon da ta zo daga ƙirji zuwa sama, ki tare ta da yatsu a buɗe, manyan yatsun biyu sun kusa haɗuwa a bayanta, gwiwar hannu a gaba, hannun ya ɗan bi ta baya kamar mai cafe ƙwai da aka jefo mata. Wadda ta zo daidai ciki, ki rungume ta da damatsa ki dunƙule a kanta. Wadda ta zo a ƙasa, ki sa jikinki a bayanta, kada a bar kafa tsakanin ƙafafu, ki kwashe ta ki kifa gaba. Kullum jiki yana bayan hannu, domin in hannu ya kuskure a samu abin da zai tare.

Faɗuwa ita ce abin da yara suka fi ɗoki, kuma ita ce ta fi ji musu ciwo in an yi gaggawa. A koye ta daki-daki: daga zaune, sannan daga durƙushe, sannan daga tsugune, sai daga tsaye. A gefen jiki ake sauka, cinya da kafaɗa, ba a kan ciki ba, ba a kan gwiwar hannu ba. Taku na farko da ƙafar da ke kusa da ƙwallon ake yi, kuma ya karkata gaba kaɗan, ba baya ba. Hannu ɗaya a bayan ƙwallon, ɗaya a samanta, ƙasa ta zama ta uku. In kin ga ba za ta kamu ba, ki ture ta gefe can wajen turke. Turewa tsakiya kyauta ce ga 'yar gaba.

Ƙwallon sama daga kwana ko daga gefe ita ke raba gola mai kyau da wadda kulob zai biya. Ki jira ki karanta tafiyar ƙwallon kafin ki motsa, domin taku ɗaya na gaggawa zuwa gaba ba ya gyaruwa. In kin yanke za ki fito, ki yi kira da ƙarfi da kalma ɗaya da kuka saba da 'yan bayanki, ki tashi da ƙafa ɗaya, ɗaya gwiwar a ɗage don kare jiki, ki kama ta a ƙololuwar tsallenki. In cunkoso ya yi yawa, naushi: nesa, sama, gefe. In kin yanke ba za ki fito ba, ki faɗa musu su fitar. Shiru ne kawai ba a yafewa.

Wannan batun murya ina so in tsaya a kansa, domin ya shafe mu. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kunya da sassauta murya, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Amma gola ita kaɗai ke ganin fili gaba ɗaya. In ba ta ce wa 'yar baya akwai mutum a bayanta ba, babu mai faɗa. Ki koyi kiran suna da umarni gajere da Larabcin fili, ki ƙara da 'yan kalmomin Turanci saboda baƙin 'yan wasa. Ɗaga murya a raga ba rashin kunya ba ne, aiki ne.

Sai ƙafa. Tun 1992 aka hana gola ɗaukar ƙwallon da abokiyar wasa ta maido mata da ƙafa da gangan, a 2019 kuma aka daina tilasta bugun gola ya fita daga cikin sha-takwas kafin a taɓa. Sakamakon haka kociyoyi yanzu daga gola suke fara gina hari. Ki samu bango, ki riƙa buga masa ƙwallo da dama da hagu, tarewa ɗaya bugu ɗaya, minti goma sha biyar kullum. Ki koyi mirgina ƙwallo da hannu, da jifa ta saman kafaɗa zuwa gefe, da dogon bugu mai inda aka nufa.

Dokoki biyu kuma ki riƙe. Daga kakar 2025/26, in kin riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas, kwana za a ba abokan hamayya, kuma alƙaliyar wasa za ta ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu kina gani. A fenariti, wanda ake bugawa daga mita 11, dole wani ɓangare na ƙafarki ɗaya ya kasance a kan layi, ko daidai da shi, ko bayansa, a lokacin bugu.

Kaya

Safar hannu biyu: mai arha ta atisaye, mai kyau ta wasa. Tafinta roba ce mai laushi da zafi ke kashewa, don haka kada ki bar ta cikin mota a ranar Jidda, kada ki shanya ta a rana. Ki wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ta bushe a inuwa, ki ɗan jiƙa ta kafin wasa. In kin faɗi ki tashi da dunƙulen hannu, ba da tafin ba, musamman a ciyawar roba da ke cin safa tana ƙone fata. A yanke farce, a cire zobe, ɗan kunne da awarwaro. Ƙunshin lalle ba ya hana komai.

Mataki na biyar: kula da jiki

Zafi da gumin gaɓar Bahar Maliya ba abin wasa ba ne ko da dare. Ki sha ruwa tun da rana, ba sai kin iso fili ba; in fitsari ya yi duhu, ruwan jikinki ya yi ƙasa. A watan azumi atisaye mai nauyi ya koma bayan buɗa-baki, sahur kuma ya ƙunshi abinci mai riƙe ciki da ruwa isasshe. Soye-soyen buɗa-baki, su sambusa da luƙaimat, a ɗan ja musu baya a ranar atisaye.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, amma dole a yi ta. Jinin al'ada yana rage sinadarin ƙarfe a jiki, kuma yarinyar da ke yawan gajiya, jiri ko haki da wuri a kai ta a auna jininta kafin a ce lalaci ne. In kuma al'ada ta ɗauke watanni ga mai yawan atisaye, alama ce jiki ba ya samun abinci daidai da aikin da yake yi, kuma likita ake gani.

Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi yawa a mata 'yan ƙwallo fiye da maza, kuma jinyarta kan cinye kusan kaka guda. Akwai tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+, na kimanin minti 20, da aka tsara don rage irin wannan rauni. Ki roƙi mai horar da ku ta sa shi cikin atisaye. Ki koyi sauka daga tsalle da gwiwa a lanƙwashe, ba ta karkata ciki ba. In kin bugu a kai kika ji jiri, ko gani ya dushe, ko amai, kin gama wasan ranar, ko da wasan ƙarshe ne.

Mataki na shida: gwaji a kulob

A Jidda akwai Al-Ittihad da Al-Ahli, a Riyad akwai Al-Nassr da Al-Hilal, a gabas akwai Al-Qadsiah ta Khobar. Ƙarƙashin Firimiya akwai gasar rukuni na ɗaya da gasannin matasa. Shawarata ita ce ki zaɓi inda za ki buga, ba inda sunan ya fi girma ba. Kaka guda ta wasanni a ƙaramin kulob ta fi kaka biyu a benci a babba.

Ki haɗa bidiyo na minti uku zuwa huɗu daga wasanni na gaske, ba atisaye ba. Kada ki cika shi da faɗuwa. Ki sa kamun ƙwallon sama, fitowa gaba da gaba, da rarraba ƙwallo da ƙafa. Ki bi sanarwar gwaji a shafukan kulob na hukuma. Ki je da waliyyi ko yaya. Duk wanda ya tuntuɓe ki ta WhatsApp ko Instagram yana neman kuɗi masu yawa don ya sama miki kulob, ko yana son ganinki ke kaɗai, ki nuna wa iyayenki saƙon, kada ki amsa. Wakilin gaskiya yana da lasisin FIFA, kuma ana iya duba sunansa.

A ranar gwaji, mai horarwa ta san za a ci ki. Abin da take kallo shi ne minti biyar da ke biyo bayan ƙwallon.

Mataki na bakwai: kwantiragi

A ma'aunin FIFA, ƙwararriya ita ce mai rubutaccen kwantiragi da ake biyanta fiye da abin da take kashewa a kan wasan. Alkawarin baki ba kwantiragi ba ne. Mafi tsawonsa shekara biyar, ga 'yar ƙasa da 18 kuwa ba ya wuce uku, kuma waliyyi ne zai sa hannu tare da ita.

Kada a sa hannu a ranar da aka miƙo takardar. A kai ta gida, a samu lauya ko wanda ya san harkar ya karanta, musamman in Larabcin shari'a ya fi ƙarfin mutanen gida. A duba albashi da ranar biyansa, ko wata goma sha biyu ne ko watannin kaka kawai, ladan cin wasa da na hana a ci, masauki da sufuri in za a bar gari, inshorar lafiya, da wanda zai biya tiyata da gashin ƙashi in an ji rauni, lokacin jarrabawa, da sharuɗɗan rabuwa. Ga mai iƙama, a rubuta ƙarara abin da zai faru da iƙamarta: tana nan ƙarƙashin mahaifinta ko za ta koma ƙarƙashin kulob, wa zai biya sabuntawa, kuma me zai biyo baya in kwantiragi ya ƙare. Wannan layin ya fi adadin albashi muhimmanci. Ki karɓi kwafinki mai sa hannu da hatimi.

In kulob ya riƙe albashin wata biyu, dokar FIFA ta ba ki damar rubuta musu gargaɗi na kwana 15. In ba su biya ba, kina da hujjar raba gari. A rubuce ake yi, a ajiye shaida.

Mataki na takwas: benci da kuskure

Kusan kowace gola ta fara ne a matsayin ta biyu ko ta uku. Ki yi atisaye kamar ke za a sa, ki ɗumama ta ɗaya da zuciya ɗaya, ki zauna a benci kina nazarin masu buga fenariti da kwana na abokan hamayya. In kaka ta wuce ba ki buga ba, ki nemi a ba da ke aro. Dama kan zo ba sallama, ta dalilin rauni ko jan kati. Chiamaka Nnadozie tana da shekara 18 aka sa ta a raga a gasar duniya ta 2019, ta hana Koriya ta Kudu ci. Daga Rivers Angels ta tafi Paris FC a 2020, a 2023 ta tare fenaritin Christine Sinclair a wasan da Najeriya ta tashi babu ci da Kanada, ta zama gwarzuwar golar Afirka a 2023 da 2024, sannan ta koma Brighton ta Ingila a 2025. A nan gida kuma Sara Khalid, wadda ta tsare ragar tawagar Saudiyya tun shekarunta na farko, ta nuna cewa wadda ta taso kafin a samu gasa ma ta iya kaiwa.

Kuskuren gola a allon sakamako yake bayyana, yanzu kuma har a waya. Ki kafa wa kanki ƙa'ida: ba karanta sharhin mutane a daren wasa. Washegari ki zauna da mai horar da ke ku kalli bidiyon, ku gano ko matsayi ne, ko taku, ko shawara, ku ɗauki abu ɗaya ku gyara a makon. 'Yan gida kuma, ranar da aka ci ta ƙwallo mai sauƙi ba ranar zolaya ba ce.

Aure, haihuwa da abin da ke bayan raga

Gola takan daɗe fiye da sauran 'yan wasa, da yawa suna kaiwa shekara 35 ko fiye, don haka maganar aure za ta zo ana tsakiyar sana'a. A yi ta a fili da manemi tun kafin a sa rana: tafiye-tafiye, kwana a sansani, wasan dare. Tun Janairun 2021 dokar FIFA ta ba ƙwararriya hutun haihuwa na aƙalla mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, da kashi biyu cikin uku na albashi, kuma an hana kulob sallamarta saboda ciki. Sara Björk Gunnarsdóttir ta Iceland ta kai ƙarar Lyon a kan albashin lokacin da take da ciki ta yi nasara, daga baya ma ta zo Al-Qadsiah a 2024. Ki tabbata kwantiraginki bai saɓa wa wannan ba.

Karatu kuwa kada ya tsaya. Gasar nan ƙarama ce a shekaru, albashi ya bambanta ƙwarai tsakanin kulob da kulob, kuma gwiwa ɗaya tana iya rufe komai a dare ɗaya. Ki ajiye wani kaso na kowane albashi kafin hidimar gida ta cinye shi. Nadine Angerer ta Jamus, wadda ba a ci ta ko ɗaya ba a gasar duniya ta 2007 kuma ta zama gwarzuwar duniya a 2013, horar da masu tsaron raga ta koma a Amurka bayan ta ajiye wasa. Precious Dede, da ta je gasar duniya huɗu da Najeriya, ita ma ta horar da gololin 'yan mata a Indiya. A Saudiyya ƙungiyoyin mata da na makarantu suna ƙaruwa, kuma iyaye da yawa sun fi natsuwa in mace ce ke horar da 'yarsu. Hukumar ƙwallon ƙasar tana shirya kwasa-kwasan horarwa mataki-mataki, har da na masu tsaron raga a tsarin hukumar ƙwallon Asiya. Ki nemi na farko tun kina bugawa, a lokacin hutun kaka, ki haɗa shi da karatun jami'a a fannin motsa jiki, abinci mai gina jiki ko gashin ƙashi.